Ɗakunan da damina ta kayar: za a iya maida su da gorunan roba da leda?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Da farko Allah ya kiyaye gaba, ya mayar muku da alheri, tunda dai ba a rasa rai ba to Alhamdulillah. Abin da na fahimta a tambayarka shine gidanku na gado a Bolari cikin garin Gombe ruwan bana ya kayar da katangar baya da ɗakuna biyu, ɗaya ginin ƙasa ɗaya na bulo, kuɗin siminti kuma ya fi ƙarfinku, sai ka ga bidiyon gidajen da ake yi da gorunan roba da intalok, wato bulon da ake shimfiɗawa a ƙasa, wanda ake narka ledar fiya wata a yi, kana so ka san ko zaku iya maida ginin da irin waɗannan kayan kuma ya yi ƙarko.

Eh ana gini da su, ba ƙarya bane, kuma zan zo kansu. Amma ni kam ba da gora zan ce ka fara ba. Kayan da ya fi komai amfani a wajenka yanzu yana nan jibge a tsakar gidanku, wato baraguzan ginin da ya faɗi, dan Allah kar ka bari a kira mai tifa ko masu baro su kwashe shi, mutane da yawa suna biyan kuɗi a kwashe musu baraguzai sannan bayan wata biyu su sake biyan kuɗi a kawo musu ciko, abu ɗaya an biya sau biyu. Ƙa'idar da nake bi a irin wannan aikin ita ce kowane kayan bola yana da wurin zamansa, akwai inda zai yi aiki fiye da sabon kaya ma, akwai kuma inda in ka sa shi ka sa ran mutane a hatsari. Ɗan simintin da kuke da halin saya a ajiye shi don wuraren da ba a wasa da su.

Kafin a taɓa komai sai an gano me ya kayar da ginin, in ba haka ba ko da me ka maida shi zai sake faɗuwa. A garin Gombe yawanci ruwa ne, ta ɗaya daga hanya uku. Ko ta sama, rufi yana yoyo ko indararo ya toshe ruwa yana bin cikin bango. Ko ta gindi, ruwan kwano yana zuba daidai gindin bango yana fantsama yana cinye shi a hankali har bangon ya zama sama ya fi ƙasa kauri, ko maƙwabci ya ɗaga nasa filin ruwansa ya dawo yana kwanciya a jikin katangarku. Ko kuma ƙasar ce kanta ta motsa. Ka je ka duba bangon da ya rage a tsaye, in ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, gefe ɗaya ya fi buɗewa, to fandesho ne ya zauna. Ka shafa ɗan kwaɓin siminti siriri a kan tsagar a wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe da gawayi, in bayan sati uku ko huɗu shafen ya tsage to ginin bai gama motsi ba, kar kowa ya kwana a wannan ɗakin sai injiniya ya gani.

Ka san Gombe a cikin kwari take, ƙasarta yashi ce mai saurin zaizayewa, ruwa yana gangarowa daga tudun yamma ya ratsa unguwanni, wanda ya ga ambaliyar 2004 bazai manta ba. Ta wajen Deba da wasu sassan kudu kuma akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, ita wannan ko ginin bulo mai kyau tana fasa shi. In bayan gidanku hanyar ruwa ce ko kwazazzabo yana matsowa, gaskiyar magana a ja ginin baya ko da za a rasa ɗan fili, babu kayan ginin da zai tsaya a bakin ruwa mai gudu.

To baraguzai. A samu yara su ware su kashi kashi, ƙasar bango gefe, bulo masu lafiya gefe, fasassun bulo da kankare gefe, katako da azara da kwano da ƙarfe gefe. Ƙasar tsohon bango ita ce ƙasar gini mafi kyau da zaka samu, domin magina sun riga sun zaɓe ta, an kwaɓa ta an tattaka, ta yi shekaru tana tsaye. Ƙasa ba kamar siminti bace da in ya kama shikenan, ita ana jiƙa ta a sake kwaɓawa ko sau nawa ne. Abin da zaka zubar kawai shine na gindin bango wanda ya yi fari fari kamar an barbaɗa kanwa, da na kusa da masai ko makewayi ko turken dabbobi, wannan gishiri ya shige shi, in ka maida shi zai dinga jawo danshi yana kwaɓar da yaɓe har abada.

In ƙasar bata isa ba sai an ƙaro, ga gwajin da zaka yi da hannunka ba sai ka je ko'ina ba. Ka samu gora mai haske wadda jikinta yake a miƙe, ka zuba ƙasar da ka tankaɗe zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa saura kaɗan, ka sa gishiri ɗan tsunkule, ka girgiza sosai har ba sauran dunƙule, ka ajiye a kan dakali kar a taɓa. Cikin minti ɗaya zaka ga yashi ya kwanta a ƙasa, ka ja layi da biro a jikin gorar. Bayan kamar awa ɗaya wani lallausan gari zai kwanta a kansa, ka sake jan layi. Washegari ruwan ya washe laka ta kwanta a sama, santsi gare ta launinta ma daban. Abin da kake nema shine yashi ya fi rabi, laka kuma tsakanin kashi 1 cikin 10 zuwa 1 cikin 5 na duka. In laka ta yi yawa tubalin zai tsattsage wajen bushewa, sai a ƙara yashi, in kuma yashi ne zalla bazai riƙe ba sai a nemo jar ƙasa a haɗa.

Da wannan ƙasar zaka iya yin tubali irin na iyaye, amma abin da na fi so ku yi shine bulon ƙasa na matsi. Akwai injin hannu da ake danna shi da dogon ƙarfe, tun shekarun 1950 aka ƙirƙiro shi a Kolombiya, masu walda na gida suna iya ƙera irinsa, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya wato NBRRI ma ta daɗe tana yin nata. Ana haɗa kwanon sarki 1 na siminti da kwano 15 zuwa 18 na tankaɗaɗɗiyar ƙasa, wato siminti kusan kashi 5 zuwa 6 cikin 100, a gauraya a bushe sai launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa kaɗan kaɗan, ba kwaɓi ake ba danshi kawai. Ka dunƙula a hannu ka sake shi daga tsayin ƙugunka, in ya fashe gida huɗu ko biyar ruwan ya yi daidai, in ya watse kamar gari ruwa bai isa ba, in ya baje bai fashe ba ya yi yawa. Mutanenmu suna raina ginin ƙasa suna ganin na talaka ne, abin yana damuna wallahi, domin Francis Kéré ɗan Burkina Faso da irin wannan bulon ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker wadda ita ce babbar kyautar masu zanen gini a duniya. A Nijar ma sabon masallacin Dandaji da aka gama a 2018, garin Hausawa ne a jihar Tawa, da bulon ƙasa na matsi aka gina shi. Ga sanyi a lokacin zafin Maris da Afrilu, wanda ɗakin bulo da kwano bazai taɓa baka ba.

Tsofaffin bulo kuma, duk wanda ya fito lafiya a kankare masa tsohon siminti da gefen cebur ko guduma ƙarama, a ƙwanƙwasa, mai ƙara tsaf a maida shi bango, wanda kake murzawa da yatsa yana zubar da yashi a tura shi cikin fasassu. Fasassun bulo da kankare su ne cikon ƙarƙashin daɓe, a farfasa su kamar girman dunƙulen hannu, a shimfiɗa a daddaka sosai a cike ramukan da yashi, kaga ka huta da sayen dutsen ciko. Tsohon kankare mai ƙarfi in aka farfasa shi ƙanana zai iya maye wani ɓangare na tsakuwa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, a daɓen tsakar gida ko dakali ko gwata, amma a jiƙa shi tukuna domin yana shan ruwa fiye da sabuwar tsakuwa, in aka zuba shi a bushe zai shanye ruwan kwaɓin. Banda fila wato ginshiƙi, banda linta wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, banda dekin. Fasasshen bulo kam ko kusa kar ya shiga kankare a matsayin tsakuwa, ba shi da wannan ƙarfin.

Rodin da aka ciro daga rusasshen gini aka miƙe da guduma, wanda 'yan gwangwan suke sayarwa da araha, ni bana yarda ya shiga linta ko fila, ƙarfen da ya riga ya lanƙwashe aka maido shi ga tsatsa ta ci jikinsa baka san abin da ya rage masa ba, a yi ƙarfen taga da shi ko murfin gwata. Tsohon kwano a toshe hudojin ƙusa a rufa kicin ko rumfar dabbobi. Azarar giginya in gara bata shige ta ba kar ka yarda ka rabu da ita, samun irinta yanzu wuya. Sai abu ɗaya da nake roƙonka, in a cikin baraguzan akwai tsohon silin ko rufin asbestos, irin mai launin toka ɗin nan da ya cika tsofaffin gidajen Bauchi da Gombe, kar a farfasa shi a yi ciko, kar a yanka da zarto, kar yara su yi wasa da shi. Ƙurarsa in ta shiga huhu bata fita, tana kawo ciwon daji bayan shekara 20 ko 30 ko fiye. A jiƙa shi da ruwa, a ɗauke shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri a binne a inda ba za a tona ba.

Wannan maganar gini da abin da aka zubar fa ba baƙuwa bace a wajenmu. Makuba da ake shafa wa bango da daɓe don ruwa kar ya ci, daga ɓawon ɗorawa ake yinta bayan an cire gari da kalwa. Laso da ake shafe soraye da shi, katsin da aka kwaso daga gindin rijiyar marina ne ake ƙonawa a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara. Ciyawar da doki ya tattaka a barga ita ake zubawa a kwaɓin ƙasa don kar ya tsage. Duk sharar wata sana'a ce ta zama kayan aikin wata. Ka je Kafin Madaki a jihar Bauchi ka ga gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, ƙasa ce da azara. Da tsohuwar zuma ake magani, in akwai tsohon magini a unguwarku da ya san haɗin makuba ku nemo shi tun yana raye, ku biya shi hakkinsa yadda ya kamata, yara su tsaya su koya.

Abin da ya kashe gidajen ƙasa da yawa a garuruwanmu shine filastar siminti. Mutum ya samu ɗan kuɗi sai ya ce bari ya yi wa gidan baba gata ya shafe bangon ƙasa da siminti, shekara biyu uku abin ya yi kyau, alhali siminti da ƙasa basa kama juna kuma basa motsi tare, sai 'yar tsaga ta fito, ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita domin siminti ya toshe numfashin bangon. Ka ƙwanƙwasa irin wannan filastar zaka ji tana ƙara kamar ganga, in ka ɓamɓare ta sai ka tarar da ƙasar ciki jiƙe sharkaf wani lokaci har da gara ta yi gida. Ina kyautata zaton in ka duba ɗakin ƙasar da ya faɗi zaka ga alamar haka. Bangon ƙasa yaɓen ƙasa yake so, ko na farar ƙasa wato laim, wanda yake barin danshi ya fita.

Yanzu ga wanda nake ganin ya fi dacewa da yankinmu kuma ba a kula shi, tokar buntun shinkafa. Duk inda injin casar shinkafa yake, a cikin Gombe ko ta wajen Dadin Kowa, zaka ga buntu tsibi guda. Buntu kusan kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shinkafa mai ɓawo, in an ƙona shi kuma tokar kusan kashi 20 cikin 100 ce ta buntun, kuma mafi yawan tokar, sama da kashi 80 cikin 100, sinadarin silika ne. Shi siminti in ya sha ruwa yana kamawa yana fitar da laim a cikinsa wanda baya ƙara wani ƙarfi sosai, to silikar tokar nan ita take haɗuwa da wannan laim ɗin ta zama ƙarin abin ɗauri, ta toshe ƙananan ƙofofin da ruwa yake bi. Shi yasa ake iya cire kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na siminti a sa toka a madadinsa, an yi bincike mai yawa akan wannan a jami'o'inmu da na waje. A cikin buhu 10 ka rage 1 ko 2, ba ƙaramin abu bane tunda a farkon 2024 mun ga buhu ya haura naira dubu 10. Shi siminti ai dutsen laim ake gasawa a zafin da ya kai maki 1450 a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda ake yi a Ashaka da kwal ɗin Maiganga, kuma yinsa kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kaga rage shi alheri ne ta ko'ina.

Amma fa ba kowace toka ba. Sai an ƙona buntun a hankali, zafi kar ya wuce kamar maki 700, iska tana shiga, a bar shi ya ci kansa ya huce da kansa. Ana iya yi a durom da aka huda jikinsa da bututu a tsakiya. Tokar da ta yi kyau fara ce ko toka toka mai haske, in baƙa ce gawayi bai gama ci ba zata raunana kwaɓin, in kuma wuta ta yi tsanani har ta ɗan yi ja ja tana ƙyas ƙyas to silikar ta daskare ta zama kamar yashi bata aikin komai. Bayan haka sai an niƙa ta ta yi laushi kusan kamar simintin, wannan matakin ne mutane suke tsallakewa sai su ce abin ƙarya ne. A sa takunkumi wajen niƙa da tankaɗe domin ƙurar bata da kyau ga huhu. Ka lissafa kuma, don ka samu toka kilo 50 kana buƙatar buntu kusan kilo 250, aiki ne. Sannan kwaɓin da aka sa wa toka yana jinkirin yin ƙarfi a satin farko, yana son ban ruwa ya daɗe. Ni a gida irin naku zan sa shi a kwaɓin jera bulo da filasta da daɓe, banda abin da yake ɗauke da nauyin rufi sai in an kai samfuri ɗakin gwaji an matsa an gani.

Akwai kuma farin kwaɓin nan da masu walda da gas da masu gyaran jikin mota suke zubarwa bayan kabaid ya gama aiki, shi laim ne, in aka tara shi aka tace aka cire datti ana shafe bango da shi, in aka haɗa da tokar buntu da yashi kuma yana ba da kwaɓin yaɓe da yake tafiya da bangon ƙasa. Yana cin fata kuma in ya shiga ido masifa ne, a sa safar hannu ta roba. A fara gwadawa a ɗan gefen bango a bari ya yi wata ɗaya a gani kafin a shafe gida duka, domin na kowane gareji ba ɗaya bane.

To mu zo kan gorunan da ka gani. Gaskiya ne, a Sabon Yelwa kusa da Kaduna ƙungiyar DARE ta gina irin wannan gidan a 2011, dabarar kuma wani Bajamushe Andreas Froese ne ya yaɗa ta daga Honduras. Ana ɗura busasshen yashi a gora ana dannawa da sanda har ta yi tauri ba ta lotsawa, a rufe, a jera su a kwance kamar bulo da kwaɓin ƙasa ko na siminti a tsakani, a ɗaɗɗaure wuyansu da igiya kamar raga. Bangon yana da kauri yana da sanyi. Matsalar ita ce lissafi, ƙaramin gida mai ɗakin kwana ɗaya da falo da kicin da banɗaki an ce yana cin gora kusan 7,800, kowace ɗaya da hannu za a ɗura ta, kuma gora yanzu ba kyauta bace a Gombe, masu zoɓo da kunun aya suna saya, 'yan jari bola ma suna tarawa suna sayarwa a kilo. Saboda gora zagaye take kwaɓin da yake shiga tsakani yana da yawa, in da siminti zaka yi to ribar ta tafi. Dole a yi filasta domin rana tana cinye roba, dole kuma fandesho da fila su zama na gaske. In kuna da samari a gida masu lokaci ku gwada da ɗakin kaji ko dakali ko wani ɓangare na katangar da bata da tsayi, hannu ya saba tukuna. Ɗakin da mama zata kwana kam ni bulon ƙasa na matsi zan yi mata.

Intalok ɗin leda shi ma gaskiya ne, Nzambi Matee a Nairobi ta kafa kamfanin Gjenge tana yi har Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ta a 2020, a Gana ma akwai masu yi. Ana narka leda a zuba busasshen yashi mai zafi, kusan awo 1 na leda da awo 3 na yashi a nauyi, a juya a zuba a mazubi a danne. Baya shan ruwa, gishiri baya cinsa, shi yasa inda nake son ganinsa shine zagayen gindin bango inda ruwan kwano yake sauka, da wajen wanke wanke da bakin famfo. Kar a shimfiɗa shi kusa da murhu, garwashi ɗaya zai lotsa shi, kuma kar a yi bangon ɗakin kwana da wanda aka narka a gida domin in gobara ta tashi shi kansa makamashi ne.

Inda hankalina yake tashi shine yadda nake ganin samari suna yinsa a buɗaɗɗen durom a cikin unguwa, wuta tana ci a cikin ledar, baƙin hayaƙi yana shiga gidajen mutane, babu takunkumi babu takalmi. In leda ta kama da wuta ta riga ta lalace, narkewa ake so ba ƙonewa ba. Kuma roba kala kala ce, ledar fiya wata tana narkewa a ɗan sama da maki 100, gorar ruwa kuwa sai kusan 250, in ka haɗa su ɗaya ta ƙone ɗaya bata narke ba. Mafi muni shine bututun ruwa na PVC da rigar wayar wuta, hayaƙinsu guba ne sosai, ko guntu kar ya shiga. In akwai masu yi da inji a tsare gara ka saya a wajensu, ka ɗauki ɗaya ka bar shi a rana tsaka ka taka ka ga ko yana lotsawa kafin ka biya.

Tsofaffin tayoyi suna da amfani wajen tare gangaren da ruwa yake ci a bayan katanga, a jera su hawa hawa kowane layi ya ɗan ja baya, a cika kowace da ƙasa a daddaka har ta kumbura, a shuka ciyawar jema a tsakani saiwarta tana riƙe ƙasa. In aka bar su ba ciko ruwa zai kwanta a ciki sauro ya samu gida. Wannan na ƙaramin gangare ne, babban kwazazzabo aikin hukuma ne.

Kuɗin da kuka tara ga inda zasu tafi. Fandesho na dutse ko kankare da sabuwar tsakuwa, a haƙa har a samu ƙasa mai tauri, a ɗaga shi aƙalla layin bulo biyu sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa kafin bulon ƙasa ya fara hawa don danshi kar ya taso. Linta da sabon rodi, ta zagaye ɗakin gaba ɗaya ta ɗaure bangon huɗu ba a kan ƙofa da taga kawai ba, a ɗaure katakon rufi a jikinta saboda iskar farkon damina. Rufin ya leƙo waje aƙalla ƙafa biyu. In zaku sayi bulon siminti don layukan ƙasa ka tambayi mai gidan bulo guda nawa yake fitarwa a buhu, na inci 9 in ya wuce 30 da nisa ka nemi wani wajen, ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake, mai kyau baya wargajewa.

Ku fara tara ƙasa da ware baraguzai yanzu, ku rufe tsibin da leda ko tsohon kwano, bugun bulo kuma sai ruwa ya ɗauke sosai. Ka kiyayi iskar hunturu, tana busar da bulo kafin siminti ya kama sai ya fito yana gari, don haka duk wanda aka buga a jera shi a inuwa a rufe da leda a dinga yayyafa ruwa safe da yamma na sati biyu, kar a hau gini da shi sai ya cika sati huɗu. Ka turo min hoton tsagar bangon da ya rage da hoton gorar gwajin bayan ta kwana, da su zan iya gaya maka ko ƙasarku tana buƙatar ƙarin yashi, da kuma ko sauran bangon gyara yake so ko saukewa.